Mai Keke Ya San Inda Ake Sauka

Duk ɗan Arewa da ya taso daga Kurmi zai tafi ganin gida, in dai ta Lakwaja motarsa ta biyo, da zarar ya wuce Zuba ya hango Dutsen Zuma, to, ya san ƙafarsa ta kusa taka ƙasar Suleja, hankalinsa kuma ya soma kwanciya. Idan ya leƙa ta tagar mota da sassafe, da wuya ya rasa ganin wani dattijo bisa tsohon kekensa, ya ɗaure buhun gawayi ko doya a kariya zai kai kasuwa. Ƙasar kuwa ta tuddai ce da kwaruruka. Abin lura game da irin wannan dattijo shi ne ya san hanyarsa kamar yunwar cikinsa. Ya san gangaren da zai saki feda ya huta, ya san hawan da zai miƙe tsaye ya taka da ƙarfi, ya kuma san wanda in ya iso gindinsa sauka zai yi ya tura. Ba a taɓa jin an yi masa dariya don ya sauka ba. Wanda ake yi wa dariya shi ne wanda ya ƙi sauka, har keke ya kwanta da shi, doya ta watse bisa titi.

Abin da ya kawo wannan magana shi ne labarin wani Bature mai suna Chris Froome, wanda a zamaninsa babu mahalukin da ya fi shi iya tseren keke a duniya, amma ya shafe shekarun ƙarshe na sana'arsa yana bin bayan yaran da a da ko ƙurarsa ba su isa su shaƙa ba. Labarin ya faru ne can nesa, a duwatsun Faransa da Italiya, amma duk mai cin abinci da ƙarfin jikinsa a Agege ko Idi Araba, a Sabon Badun ko Shagamu, a Anaca ko Fatakwal, zai ga fuskarsa a ciki.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin irin tseren da ake magana a kai, domin ya sha bamban da wanda yara kan yi a bakin kasuwa da kekunan haya. Manyan tseren zagaye guda 3 ne a duniya: na Faransa, watau Tour de France, wanda aka soma tun 1903, da na Italiya, da na Sifen. Kowannensu mako 3 ake yi ana gwabzawa, an kasa shi zango 21, hutun kwana 2 kacal a tsakani. Nisan na Faransa yakan kai wajen kilomita 3,400, watau kamar mutum ya taso daga Ikko ya je Kano, ya dawo Ikko, ya sake komawa Kano, duka bisa sirdin keke, cikin rana da ruwa da sanyin kan dutse. Ana tara lokacin da kowa ya ɓata a kowane zango, wanda nasa ya fi kaɗan shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa, wanda kuma ya isa birnin Faris da ita a jikinsa shi ne zakara.

Shi Froome haifaffen Nairobi ne ta ƙasar Kenya, a shekarar 1985. Wani Baƙar Fata ɗan tseren keke mai suna David Kinjah ne ya kama hannunsa tun yana yaro, ya riƙa yawo da shi a tuddan ƙasar har ƙafarsa ta yi ƙwari. Da tutar Kenya ya fara fita duniya, sai a 2008 ya koma yi wa Birtaniya, ƙasar iyayensa. Har ciwon tsargiya, wanda duk wanda ya yi wanka a kududdufi yana yaro ya san shi, ya daɗe yana cin sa a ɓoye kafin likitoci su gano. Da ya warke sai duniya ta ga abin mamaki. Ya ci zagayen Faransa sau 4, a 2013 da 2015 da 2016 da 2017. Ya ci na Sifen sau 2, na 2011 wanda aka ba shi daga baya da aka soke nasarar wanda ya zo na ɗaya, da kuma na 2017. A 2018 ya ci na Italiya ta hanyar da har yau ake ba da labari, domin saura kwana 2 a gama yana baya da fiye da minti 3, sai ya ɓalle shi kaɗai tun saura kilomita 80, ya haye wani dutse mai hanyar tsakuwa, ya isa ba kowa a kusa da shi. Da aka gama wannan tsere, kambi 3 ɗin nan duk suna hannunsa. Gaskiya ne an taso shi da tuhuma a kan yawan maganin asma da aka samu a fitsarinsa a 2017, amma hukumar tseren keke ta duniya ta wanke shi a watan Yuli 2018.

Abu ɗaya ya rage masa. A lokacin, mutum 4 ne kawai tarihi ya amince sun ci zagayen Faransa sau 5, su ne Jacques Anquetil, da Eddy Merckx, da Bernard Hinault, da Miguel Indurain. Taki ɗaya ya rage wa Froome ya shiga sahunsu, kuma wannan taki ɗaya shi ne ya zame masa ƙarfen ƙafa.

Ranar 12 ga Yuni 2019, yana duba hanyar wani ƙaramin tsere a kusa da garin Roanne, ya saki hannu ɗaya daga kan keke yana gangara da gudun fiye da kilomita 50 a awa, iska ta kwashe tayarsa ta gaba, ya daki bangon wani gida. Ƙashin cinyarsa ta dama ya karye, haka ma gwiwar hannu da ƙugu da haƙarƙari. Wani da ya tsira da ransa daga wannan, godiya zai yi ga Allah ya jingine keke. Froome kuwa bayan wata 8 ya dawo fage.

Daga nan lissafi ya juya. Ƙungiyarsa ta Ineos ba ta sa shi cikin masu zuwa zagayen Faransa na 2020 ba, a na Sifen kuma ya zo na 98. A 2021 ya koma wata ƙungiya mai suna Israel Start-Up Nation bisa yarjejeniyar shekara 5, da albashin da jaridun Turai suka ce ya kai wajen Yuro miliyan 5 a shekara. A zagayen Faransa na wannan shekara ya zo na 133, zakara ya ba shi ratar fiye da awa 4. Sau ɗaya tak tsohuwar wuta ta sake haskawa, a 2022, ranar da ya zo na 3 a hawan dutsen Alpe d'Huez mai kwana 21, amma kafin a ƙare tseren cutar korona ta fitar da shi. Zagayen Sifen na 2022 shi ne babban tsere na ƙarshe da aka gan shi a ciki, bai kuwa shiga cikin 100 na farko ba. A 2023 da 2024 da 2025 ƙungiyarsa da kanta ta bar shi a gida, har ɗaya daga cikin masu ita, Sylvan Adams, ya fito fili a 2023 ya ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Tun nasarar Italiya ta 2018 bai sake cin ko da zango ɗaya ba. A ƙarshen watan Agusta 2025, yana da shekara 40, ya sake faɗuwa wajen atisaye a kudancin Faransa, aka ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti a Toulon, da karayar haƙarƙari 5 da ƙashin baya, huhu ɗaya ya sace, jakar da ke lulluɓe da zuciyarsa kuma ta yage. Yarjejeniyarsa ta ƙare a ƙarshen wannan shekara ba a sabunta ta ba.

To, me ya faru da ƙafafun da suka girgiza Turai? Masana sun ce abin da ke ci wa mutum tseren mako 3 abu biyu ne. Na farko yawan iskar da zuciya da huhu ke iya kai wa tsoka a lokacin hawa, na biyu kuma saurin da jiki ke murmurewa tsakanin faɗuwar rana da fitowarta. Duka biyun nan shekaru na zaizaye su sannu a hankali, kamar yadda ruwa ke cin gindin katanga. Saurayi yakan kwanta a gajiye ya tashi sabo fil, wanda ya manyanta kuwa da bashin gajiyar jiya yake wayar gari, bashin kuma yana ta hauhawa har mako na 3. Ragin da bai taka kara ya karya ba a idon mai kallo, a kan dutse mintoci ne masu yawa. Shi ya sa tun 1922, da Firmin Lambot ya ci zagayen Faransa yana da shekara 36, ba a sake samun wanda ya girme shi ya ci ba. Daɗin daɗawa, kiɗan ma ya canza. Egan Bernal ya ci a 2019 yana da shekara 22, Tadej Pogačar ya ci a 2020 yana da 21, ya kuma ƙara a 2021 da 2024 da 2025. Waɗannan yara tun suna makaranta ake auna ƙarfin takunsu da na'ura, ana auna abincin da za su ci bisa keke da ma'auni, har matsakaicin gudun zagayen 2025 ya haura kilomita 42 a awa. Ashe ko da Froome bai faɗi ba, zamani na nan tafe da nasa hukuncin.

Masu goyon bayansa suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce mutum ya karye ya tashi, wa ya isa ya hana shi gwada sa'arsa? Sun ce yarjejeniya aka yi da shi ido na ganin ido, bai saci kuɗin kowa ba, wanda ya sayi tsohon suna da tsada shi ya san abin da ya gani. Sun kuma kawo misalai. Chris Horner ya ci zagayen Sifen a 2013 yana da shekara 41. Mark Cavendish, wanda aka sha cewa tasa ta ƙare, ya ci zango na 35 a zagayen Faransa na 2024 yana da shekara 39, ya karya tarihin Merckx. Da ya saurari masu cewa ya sauka, da wannan bai samu ba.

Wannan duk gaskiya ne, kuma dawowar Froome a 2020 jarumtaka ce da ta cancanci yabo. Amma akwai bambanci tsakanin mai gwada sa'a da mai musu da ma'auni. Cavendish ɗan gudun ƙarshe ne, abin da yake nema rana ɗaya ce mai kyau da daƙiƙa kaɗan na ƙarfi, da ya same ta kuwa a ƙarshen shekarar nan ya ajiye. Froome mako 3 yake nema cur, shi kuwa mako 3 ba ya karɓar rantsuwa. Shekarar 2021 ta ba shi amsa, 2022 ta maimaita, a 2023 mutanen gidansa da kansu suka faɗa masa a bainar jama'a. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Abin da ya biyo baya, watau shekara biyu na bin ƙananan tsere a can ƙarshen ayari, bai ƙara masa komai ba, ya kuwa kusa raba shi da ransa, ga mata ga 'ya'ya ƙanana a gida.

A duba waɗanda yake son shiga sahunsu. Hinault ya sa wa kansa rana tun da wuri, ya sauka a 1986 yana da shekara 32, a shekarar da ya zo na 2, ya koma gona. Indurain da ya ga ya zo na 11 a 1996 bayan nasara 5 a jere, bai jira a sake gaya masa ba, a farkon 1997 ya yi sallama. Abokin aikin Froome kansa, Geraint Thomas, zakaran 2018, ya sanar tun farkon 2025 cewa wannan ce shekararsa ta ƙarshe, ya kuma gama a garinsu Cardiff cikin tafi da guɗa. A nan gida ma Hogan Bassey, wanda ya ci kambin damben duniya a 1957, da ya rasa shi a 1959 bai tsaya ana ta dukansa ba, ya dawo ya zama mai koyar da 'yan damben Nijeriya. Wanda kuma ya ga abin da Larry Holmes ya yi wa Muhammad Ali a 1980 ya san yadda ƙin sauka ke ƙarewa, ko da kuwa a kan gwanin gwanaye ne.

Hausawa ba baƙin wannan al'amari ba ne. Duk mai zuwa gidan dambe, a Dei-Dei kusa da Suleja ko a kowane zango na Kudu, ya san ranar da ta fi kowace ɗaci ita ce ranar da yaron jiya ya kashe tsohon gwani a turmin farko, makaɗa su juya ganga wajen sabon zakara tun tsohon bai gama kaɗe ƙasa ba. Amma dambe ya yi wa tsufa tanadi mai kyau. Gwani yakan tara yara ya koya musu, a riƙa kiransu Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, ta haka sunansa ke ci gaba da shiga fage bayan shi ya kwance hannu ya koma gefe.

Suleja ma tana da nata darasin. A cikin garin nan, tun yana amsa sunan Abuja, kafin a ba babban birnin tarayya sunan bayan dokar 1976, Sarki Sulaimanu Barau ya tara tukwanen wata mata daga ƙauyen Kwali a fadarsa. Nan Michael Cardew ya gan su, a 1954 kuma Ladi Kwali ta zama mace ta farko da ta shiga makarantar ginin tukwane da ya kafa a garin. Ita tata sana'ar kullum shekaru ƙara mata kyau suka yi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma ya hau takardar Naira 20. Sana'a iri biyu ce ke nan a duniya, akwai wadda tsufa ke ci, akwai wadda tsufa ke nunarwa. Mai hankali yana cikin ta farko yake neman ta biyu. Froome yana da ita a hannu, domin abin da ya sani na hawa da gangara, da yadda ake raba ƙarfi a mako 3, babu makarantar da ke koyar da shi. A 2024 ya bayyana niyyar kafa makarantar koya wa yara tseren keke a Kenya. Nan ne makomarsa take, kuma nan ne zai biya bashin Kinjah. Lokacin ma ya dace, domin Biniam Girmay na Iritiriya ya ci zango 3 da koriyar riga a zagayen Faransa na 2024, a watan Satumba 2025 kuma aka yi gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a Afirka.

Yanzu sai a juyo gida. Froome ya sauka ko bai sauka ba, ba zai kwana da yunwa ba. Wanda abin tsoro ke kansa shi ne ɗan dako a kasuwar Mil 12, da mai tura baro, da ɗan garuwa, da mai haƙar rijiya, da ɗan acaɓa, waɗanda jarinsu duka a kafaɗa da gwiwa yake, babu yarjejeniyar shekara 5, babu fansho, babu jirgin da zai kai su asibiti. Ga su ma kiɗa kan canza ba sanarwa. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, dubban mutane suka wayi gari babur a hannu ba hanyar bi. Buhun da mutum ke sunguma da hannu ɗaya yana da shekara 25, a 45 sai ya nemi mai ɗora masa, a 55 kuwa mai kaya zai wuce shi ya kira yaro. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda Allah Ya ba ƙarfi yau, lalle ne ya shiga adashi, ya sayi 'yar akuya ko ɗan fili a gida, ya koyi ɗinki ko faci ko awo, ya sa 'ya'yansa a makaranta. Sarakunan Hausawa na zangunan Kudu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan dako da 'yan acaɓa su ma akwai nauyi a kansu, su kafa asusun da zai tallafi wanda ya karye ko ya tsufa, maimakon a jira sai an kai ga yawo da kwano ana karo-karon kuɗin motar mayar da shi gida.

Hukumomin wasanni kuma ba za su tsira daga wannan magana ba. Tun 2003 aka gina filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja domin wasannin Afirka, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Suleja. Duk da haka da Ese Ukpeseraye ta je wasannin Olamfik na Faris a 2024, ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke a can, sai da 'yan Jamus suka ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Burkina Faso tana gudanar da nata zagayen tun 1987. Ƙasar da kusan kowane ƙauye na Arewa ke da mai gyaran keke, wadda ke da tuddai irin na Suleja da Jos da Mambila, ba ta da dalilin zama 'yar kallo. Idan kuwa za a tara yara a ce su ba da ƙuruciyarsu ga wasa, to, tun ranar farko a tanadar musu abin da za su koma gare shi ranar da ƙafa ta gaza, domin wannan rana ba ta ƙarya.

Tarihi ba zai tuna Chris Froome da na 133 ba, da nasara 7 ɗin nan zai tuna shi, kuma ya cancanta. Sai dai da ya taɓa bin hanyar Madalla da sassafe, da ya ga dattijon nan mai buhun doya ya iso gindin hawa, ya sauka ba tare da wata damuwa ba, ya kama kan kekensa ya tura, ya kuma isa kasuwa da kayansa cif. Allah Ya ba kowa sanin lokacin hawa da lokacin sauka, Ya sa a gama lafiya, amin.